Idon Baba na Dama

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana cire tabo a kayan mutane, kuma da ido ɗaya ya yi su. Na hagun tun yana saurayi wani maganin wanki ya fallatsar masa a ciki, ya bar masa haske da duhu kawai. Na daman kuwa Allah ya yi masa kaifi. Za a ajiye masa riga a kan teburinsa na ƙuryar shago, ya kalle ta sau ɗaya ya ce wannan man inji ne, wannan shayi ne da madara, wannan jini ne da wani wawa ya zuba wa ruwan zafi. Mu uku ya haifa, kuma duk a shagon muke. Ni ce babba, ina kanta ina karɓar kaya. Ƙanena yana jan motar kai kaya, har sunan Direba ya bi shi. Auta tana guga rabin yini ta koma gida, don tun rasuwar mahaifiyarmu ita ke zaune da Baba. A cikinmu babu wanda ya gaji idon nan. Ni faɗa na gada, shi ma ban san daga wa ba, shi ya sa Baba yake ce mini Barkono.

An san shagonmu da abu ɗaya: ka kawo kaya kafin tara na safe, ka karɓa kafin shida na yamma, a wanke, a goge, a cikin leda. Da wannan muka tashi. A wurinmu duk abin da aka miƙa wa mai shi ta kan kanta ya gama, ba a sake waiwayarsa.

Ciwon yanar ido ya fara rufe idon Baba na dama a hankali. Da farko ya ce kwan fitila ne ya mutu, muka canja. Ya ce gilashin taga ne ya yi datti, Auta ta goge. Ranar da wani malamin makaranta ya dawo da farar rigarsa da ragowar tabo a wuya, Baba bai ci abincin rana ba. Amma ko da likita ya ce aiki za a yi, sai ya ƙeƙasa ƙasa ya ce shi ba zai kwanta a gadon asibiti ba. Mun san dalili. A irin gadon nan muka bar mahaifiyarmu da yamma tana mana wasa, da safe aka kira mu. Shekara biyu muna fama da shi, ni da masifa, Auta da lallashi, Direba da yin kamar bai san ana yi ba.

Abin da ya sauko da shi wani likita ne mai sanyin magana, da ya ce masa babu kwanciya. Ya zo da safe, a cire yanar, kafin la'asar yana ɗakinsa. Baba ya juyo ya kalle ni, na ce ashe su ma irin sana'armu suke yi, sha yanzu magani yanzu. Har likitan sai da ya yi dariya. Amma ya ƙara da cewa abin da za a yi a asibiti shi ne gajeren aikin, dogon yana gida, musamman ga mai ido ɗaya. Na ji shi da kunnena. Sai dai a lokacin agogon bangon ofishinsa nake kallo, ina tunanin ko Auta ta kunna tukunyar tururi.

Aka sa ranar Litinin. Sai ga wani otal ya turo mana zannuwan gado da mayafan tebur, tuli guda, a kan za a kai musu Juma'a, kuma a makon injin wanki ɗaya ya tsaya. Muka zauna muka raba Baba kamar yadda muke raba aiki. Ni zan kai shi, Direba zai ɗauko shi, Auta za ta kula da shi a gida. Har yaba wa kaina na yi da iya tsari.

Ɗakin jiran dogo ne, da kujerun roba a jere da bango, tsofaffi zaune kowa da ɗan alamar biro a saman giran da za a yi wa aiki. Kowannensu da nasa a gefe, wani yana riƙe da sanda, wata tana riƙe da jaka. Nas ɗin da ta karɓe mu gajeriya ce mai gilashi, ba ta da gaggawa ko kaɗan, abin da ya fara ɓata mini rai ke nan. Ta tambayi Baba ko ya ci wani abu, da magungunan da yake sha. Sannan ta tambaye ni wa zai tafi da shi gida, wa zai zauna da shi. Na ce ƙanena ne zai ɗauke shi, ƙanwata ce za ta zauna da shi. Ta cire gilashinta ta ce ta fi son wanda zai yi jinyar ya ji bayanin sallama da kunnensa, don magana idan ta bi hannu uku ba ta isa yadda ta taso. Na ce mata duk gida ɗaya muke, ta kwantar da hankalinta. Na sa hannu a fom, na rubuta lambar wayata.

Da na miƙe, Baba ya kama wuyan hannuna. An riga an sa masa hular leda da wata riga mai igiya a baya, ya koma ɗan ƙarami a kujerar.

"Tafiya za ki yi, Barkono?"

"Kaya suna jira, Baba. Minti ashirin ne fa aka ce."

Ya sake ni. Ko waiwaye ban yi ba.

Abin da ya faru da rana, daga baya na tattara shi. Direba ya iso da kayan mutane a bayan mota, bai sami wurin tsayawa ba, ya ajiye ta a inda aka hana. Nas ɗin ta zaunar da su ta yi bayani wajen minti goma. Shi kuwa yana gyaɗa kai, idonsa yana kan taga, yana jiran ya ga an zo an ɗaure masa taya. Baba kuma, da murfin roba a ido da filasta, murnar ya fito da ransa ta hana shi jin komai. Ta tambaye su ko sun gane, suka ce sun gane. Ta ba Direba ledar magani da takarda mai shafi ɗaya, ta ce a karanta wa duk wanda zai taɓa idon.

Suka biyo ta shago. Na leƙa mota na ga Baba yana murmushi, na tambayi Direba me aka ce. Ya ce an ce aiki ya yi kyau, a ɗiga magani sau huɗu a rana, kada ya sosa, a koma Litinin mai zuwa. Iyakar abin da ya rage daga minti goma ke nan. Ya miƙo mini ledar da takardar a kan kanta, a daidai lokacin da mutum huɗu suke tsaye suna jiran kayansu.

A ƙarƙashin kantarmu akwai wata doguwar ƙusa da Baba ya kafa a katako tun kafin a haife ni. Duk wanda ya zo karɓar kaya zai miƙo tikitinsa, a ba shi kayansa, a soke tikitin a ƙusar. Ba na ma kallo idan ina yi. Na miƙa wa Auta ledar maganin na ce sau huɗu a rana, kada ya sosa. Takardar kuwa, hannuna ya yi abin da ya saba. An kai Baba da safe, an karɓo shi da yamma, na soke takardarsa, na kira na gaba.

Washegari da aka cire murfin, gidan ya cika da dariya. Baba ya ce wa Auta ashe labulen falo shuɗi ne, shi shekara biyu yana zaton toka-toka ne. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Barkono, ashe kin tsufa ba a gaya mini ba." Ya karanta ƙananan rubutun jikin kwalin shayi da ƙarfi, kamar ɗan aji ɗaya. Ban taɓa ganinsa da farin ciki haka ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Da hantsin ranar nas ɗin ta kira wayata. Ina tsakiyar faɗa da mai gyaran inji, na maƙale wayar da kafaɗa. Ta tambaya ko akwai ciwo, ko gani yana ƙaruwa, ko mun karanta takardar. Na ce lafiya lau, mun karanta, mun gode. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba don komai na yi ta ba sai don ta sauka daga layi.

Ranar Laraba sai ga Baba a shago da kayan aikinsa. Auta ta ce ta hana shi ya ƙi. Ni ban hana shi ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, daɗi na ji. Mayafan teburin otal fiye da talatin suna ajiye da tabon miya da na kyandir, babu mai iya musu sai shi. Ya zauna a ƙuryarsa, tsakanin tukunyar tururi da kwandon kayan datti, inda ƙurar zare take tashi duk lokacin da aka kaɗe zane. Ya yi aiki har yamma yana 'yar waƙarsa. Idan gumi ya sauko masa, sai ya ja tawul ɗin da ke kafaɗarsa ya share fuska, tawul ɗin da yake goge hannu da shi. Na gani. Na ce a raina ai ba sosawa yake yi ba.

Alhamis da rana ya kira ni ƙuryar. Ya ce idon yana ɗan sukarsa, kuma kamar hazo yana dawowa. Wanda ya san Baba ya san idan ya ce ɗan ciwo, to ciwo ne na gaske, don mutum ne da dutsen guga ya taɓa ƙona masa hannu ya ƙarasa rigar kafin ya faɗa. Na san haka sarai. Amma kaina ya ɗauki zafi, inji bai tashi ba, gobe za a kai kaya. Na ce masa wuƙa fa aka sa a idon, dole ya yi ciwo, ba shafa masa mai aka yi ba. Na ba shi ƙwayar ciwon kai biyu da ruwa. Ya karɓa ya sha, ya ce haka ne, ya koma kan aikinsa. Bai sake yi mini maganar ciwon ba, domin ya san bakina.

Juma'a bai fito ba. Auta ta kira ni ta ce fatar idon ta kumbura, ya sa an rufe taga, haske yana damunsa. Ta ce ko mu mayar da shi asibiti. Ina tsaye a bayan motar Direba muna loda zannuwa. Na ce mata Litinin aka ce mu koma, kwana uku ne ya rage, ta bar shi ya huta ta ci gaba da ɗiga magani, kuma ta daina tayar wa mutane hankali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Auta ba ta taɓa musu da ni ba. Ta ce to, Yaya.

Mun kai kayan otal a kan lokaci. Manajan ya yaba da mayafan tebur, ya ce kamar sababbi.

Asabar da safe na biya gidan kafin in buɗe shago. Baba yana zaune a bakin gado, Auta ta ajiye masa shayi a kan kujera. Ya miƙa hannu ya wuce kofin, ya dawo yana laluben kujerar. Idon ya yi jajir, ya kumbura, kwantsa ta manne gashin. Ya ji motsina ya ce in buɗe labule ya ga fuskata. Labulen a buɗe yake, rana har kan tabarma.

Na kira Direba ina ihu, na ce ina takardar da aka ba shi. Ya ce ai ni ya ba. Na tsaya da wayar a kunne, na ga kantarmu, na ga mutum huɗun nan, na ga hannuna. Ban san yadda na isa shago ba. Na durƙusa a ƙarƙashin kanta ina zare tikitin kwana biyar ɗaya bayan ɗaya, suna zuba a ƙasa, har na kai gare ta.

Ba doguwar takarda ba ce, kuma da manyan baƙaƙe aka rubuta ta don masu raunin gani. A guji ƙura, tururi da ruwa mai datti. Kada a koma aiki sai likita ya yarda. Kada a goge ido da tawul ko hannu. A ƙasa kuma, a cikin jan akwati, an ce idan ciwo ya ƙaru, ko gani ya ragu bayan ya fara kyau, ko ido ya kumbura, kada a jira ranar komawa, a kira nan take ko a zo, kowace rana ce, kowane lokaci ne. Ga lambar waya a ƙarƙashi. Na kira ina durƙushe a wurin. Wadda ta ɗauka ta ce mu taho yanzu yanzu, sannan ta tambaya tun yaushe ya fara. Na ce tun Alhamis. Ta ce mu yi sauri.

Ƙwayoyin cuta ne suka shiga cikin idon. A ranar suka yi masa allura a ciki, washegari suka sake shiga da shi ɗakin tiyata. Kwana biyar ya yi a gadon da ya shekara biyu yana gudu. Ni na zauna da shi, yanzu da zaman ba shi da wani amfani. Shago kuma ya buɗe ya rufe ba tare da ni ba, babu abin da ya rushe.

A barandar asibitin na sauke wa Direba kwandon masifa. Na ce shi aka zaunar aka yi wa bayani, ya tsaya gadin mota. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Yaya, ni na ji ban riƙe ba, wannan laifina ne. Amma ke a rubuce aka ba ki." Auta tana gefe tana kuka, ita da ta gani da idonta ta faɗa na rufe mata baki. 

Likitan bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ba zai rantse cewa tururi ne ko tawul ba, don abin yakan faru jefi-jefi ko ga wanda ya kiyaye komai. Na so in tsaya a nan, in riƙe wannan maganar in tafi da ita gida. Amma bakina bai iya shiru ba. Na tambaye shi da mun zo ranar Alhamis fa. Ya dube ni ya ce a irin wannan ciwon awoyi ake lissafawa, ba kwanaki ba, kuma da an zo Alhamis da sun sami abin cetowa da yawa. An ceto ƙwayar idon, ciwo ya tafi. Gani kuwa, Baba yana gane an wuce ta gabansa, yana gane inda ƙofa take idan akwai rana.

Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa shi ne da taurin kai, yara sun hana shi fita ya ƙi. Ina zaune ina ji, na san ban hana shi ba, shi ma ya sani. Sau da yawa na buɗe baki in roƙe shi gafara, sai ya rigaye ni da tambayar ko an gyara inji. Na gane ba ya son in faɗa, don idan na faɗa dole shi ma ya yarda haka aka yi.

Bayan wata uku ya ce a kai shi shago. Direba ya riƙo hannunsa har ƙuryar, ya zauna, ya shafa kwalabensa na maganin tabo ɗaya bayan ɗaya, kowace tana inda ya bar ta. Ya ce in kawo masa abin da ya gagare mu. Na kawo wata farar riga mai tabo a aljihu, wadda ni da Auta muka yi kwana biyu a kanta. Ya shinshina, ya murza wurin da yatsa, ya ce tawadar biro ce, kuma mai ita ya goge ta da dutse mai zafi kafin ya kawo. Haka aka yi kuwa. Ya ce in shimfiɗa tsumma mai tsabta a ƙasa, in ɗauki kwalba ta uku daga hagu, in ɗiga kaɗan, in riƙa dannawa daga gefe zuwa tsakiya, kada in goga. Na yi yadda ya ce. Tawadar ta fara sauka a tsumman, muryarsa ta dawo irin ta da, har yana ce mini hannuna ya cika nauyi, riga ce ba wuyan Direba ba. Auta ta bar guga ta zo ta tsaya.

"Ya fita?" ya tambaya.

Ya kusa fita. Saura wani ɗan shuɗi-shuɗi a bakin ɗinki, wanda mai rigar ma ba lallai ya lura ba. Da na ce ya fita, da ya tafi gida da murna, kuma babu mai tona ni. Amma na riga na yi ƙarya ɗaya a kan idon nan, ba zan iya ta biyu ba.

"Da saura kaɗan, Baba."

"Miƙo in gani."

Na miƙa masa. Ya ɗaga rigar har tana taɓa hancinsa, ya karkatar da kai, ya juya wajen fitila, ya matsar da ita nesa, ya sake dawo da ita. Ba aljihun yake kallo ba, hannun rigar ne a gabansa.  Ya daɗe a haka, sannan ya sauke ta a cinyarsa, ya ninke ta tsaf yadda ya koya mana, ya miƙo mini.

"Idan kin ce da saura, to da saura," ya ce.

Ya dafa teburin ya miƙe, ya nemi hannun Direba. Sun kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ce in kwashe kwalaben in sa a kwali, teburin kuma a ba Auta, ya san ta daɗe tana neman wurin jera kayan da ta goge.